Babi na Shida: Yadda Ake Karanta Bindigar Mauser

A zauren gwanjon kayan tarihi a Amurka ko Turai, ba abin mamaki ba ne a ga bindigogi biyu kwance a teburi ɗaya, tsawonsu ɗaya, nauyinsu ɗaya, daga masana'anta ɗaya suka fito, kuma a shekara ɗaya. Ta farko tana ta sheƙi, ƙarfenta baƙi ƙirin, ƙotarta ja kamar an shafa mata manja. Ta biyu ta koɗe, ƙotar duk tabo, baƙin ƙarfen ya goge a wuraren da hannu ya saba kamawa. Baƙon da bai san kan abin ba zai miƙa hannu ga mai sheƙin. Masu tara tsofaffin bindigogi kuwa kan koɗaɗɗiyar za su yi rububi, har kuɗinta ya ninka na 'yar'uwarta sau uku ko fiye.

Dalilin yana rubuce a jikin ƙarfen, cikin haruffa da lambobi da ƙananan hatimai waɗanda wasunsu ba su kai ƙwayar dawa girma ba. Wanda ya iya karanta su zai faɗi garin da aka ƙera bindigar, da shekarar, da rundunar da ta karɓe ta, da ƙasashen da ta ratsa bayan an gama yaƙi.

Bindigar da ake magana a kanta ita ce Karabiner 98k, wadda masu tarawa suke taƙaitawa da K98k. Asalinta garin Obandof ne, a bakin kogin Neka da ke kudancin Jamus, inda 'yan'uwa biyu, Wilhelm da Paul Mauser, suka kafa sana'arsu. A 1898 rundunar Jamus ta karɓi doguwar bindigar Paul Mauser mai suna Gewehr 98, wadda ta yi Yaƙin Duniya na Farko. A 1935 gwamnatin Hitila ta ɗauki gajeren samfurinta ya zama makamin kowane sojan ƙasa. Tsawonta santimita 111, bututunta santimita 60, nauyinta wajen kilo huɗu. Tana cin harsashi biyar mai faɗin milimita 7.92, kuma bayan kowane harbi sai soja ya ja sakata da hannu ya fitar da kwanso, ya tura wani harsashin. Daga 1935 zuwa 1945 an ƙera fiye da miliyan 14.

Abin da aka yi miliyan 14 ba ya tsada don ƙaranci. Tsadarsa tana zuwa ne daga yadda ya tsira, da kuma abin da za a iya tabbatarwa game da shi.

Sunan da aka ɓoye

Mai saye yakan fara duba doron uwar jikin bindigar, wato kaurin ƙarfen da aka ɗaura bututu a cikinsa. A nan ya kamata a ga sunan masana'anta, amma ba a ganinsa. Yarjejeniyar Basai ta 1919 ta ƙayyade sojojin Jamus ga mutum 100,000, ta kuma taƙaita makaman da za su mallaka. Da Jamus ta soma sake ɗaura ɗamarar yaƙi a ɓoye, sai aka maye gurbin sunayen kamfanoni da lambobin sirri, har shekarar ma aka ɓoye ta: harafin K yana nufin 1934, harafin G kuma 1935. Sai daga 1936 aka fara buga shekara a fili.

Kamfanin Mauser na Obandof ya fara da S/42, ya koma 42, daga 1941 ya zama byf, a watannin ƙarshe na Yaƙin Duniya na Biyu kuma svw. Reshensa na Balin ya yi amfani da S/243, da 243, sannan ar. Kamfanin Sauer na garin Zul yana da S/147, da 147, da ce. Erma na Erfut yana da S/27, da 27, da ax. Masana'antar Lubek ta fara da S/237 ta ƙare da duv. Gustloff na Waima yana da 337 da bcd. Da Jamus ta haɗiye Ostiriya a 1938, masana'antar Steyr ta shigo layi da 660, daga baya bnz. Da ta mamaye ƙasar Cek a 1939, masana'antar Burno ta shiga hannunta, bindigoginta suka ɗauki dot.

Haddace wannan jeri shi ne matakin farko, kamar koyon baƙi kafin a kai ga farfaru. Gwaninta tana cikin sanin wace lamba ce ta dace da wace shekara. Erma ya daina ƙera K98k a 1941, saboda haka duk wanda aka nuna wa ax da shekarar 44 ya san an yi wa ƙarfen aiki. Kowace masana'anta kuma tana da irin nata rubutu. Obandof yakan buga lambobi biyu na shekara, kamar byf 44. Burno yakan rubuta shekarar cikakkiya, dot 1944. Gustloff kuwa a wannan shekarar lamba ɗaya tak yake bugawa, bcd 4. Wannan bambancin ne yake sa wasu nau'o'in su fi wasu daraja, domin abin da masana'anta ta yi kaɗan a wata shekara shi ake nema ruwa a jallo.

Gaggafa mai lamba

Bayan lambar masana'anta sai hatimin ofishin makaman soja, wanda Jamusawa suke kira Waffenamt. Ofishin yana da masu duba aiki a kowace masana'anta, kowane ayari da lambarsa. Idan sashe ya ci jarrabawa sai a buga masa ƙaramar gaggafa da lambar a ƙarƙashinta. A Obandof an yi amfani da 63, sannan 655, sannan 135. Daga baya lamba 63 ta bayyana a Burno. Steyr yana da 77 da 623, Lubek yana da 214, reshen Mauser na Balin yana da 26.

Ita kanta gaggafar ta canja kama. A bindigogin farko fukafukanta a sauke suke, irin na jamhuriyar da Hitila ya rusa. Wajen 1937 ta koma mai buɗaɗɗun fukafukai, riƙe da alamar suwastika ta 'yan Nazi. Idan an ga tsohuwar gaggafa a bindigar 1943, ko 655 a matsayin hatimin ƙarshe na byf 44, akwai ayar tambaya. Ba kowane saɓani ne ha'inci ba, domin masana'antu sun riƙa sayen ƙananan sassa daga wasu kamfanoni, kowane da nasa hatimin. Shi ya sa masu tarawa suke dogara da littattafan da aka kwatanta dubban bindigogi a cikinsu, irin na Richard Law da na Bruce Karem da Michael Steves, waɗanda suka nuna abin da ake sa ran gani a kowace shekara.

A gefen dama na ƙota akan sami harafi ɗaya da ke nuna mai ita: H na sojan ƙasa, L na sojan sama, M na sojan ruwa. Na sojan ƙasa su ne mafi yawa, don haka L da M sukan ƙara wa bindiga kuɗi.

Lambobi su yi daidai

Babu abin da ya kai daidaiton lambobi nauyi a wajen sa farashi. A lokacin, ba kowane sashe ne yake shiga kowace bindiga ba tare da gyara ba. Maƙeri yakan daidaita sakata da uwar jikinta, sannan a buga musu lamba ɗaya don kada su rabu. A bindigogin kafin yaƙi kusan komai yana da lamba: uwar jiki, bututu, sakata da 'ya'yanta, murfin gidan harsashi, zobban da suka riƙe bututu, ma'aunin saiti, har kusoshi. Ƙananan sassa sukan ɗauki lambobi biyu na ƙarshe. Ƙota ma tana da tata, wani lokaci a ciki, a kwarin da bututu yake kwanciya, inda ba a gani sai an kwance.

Galibi lambobin suna tafiya ne daga 1 zuwa 9999, sai a sake farawa da ƙaramin harafi a gefe, a, sannan b, sannan c. Ke nan lamba ɗaya tana iya maimaituwa sau da yawa a masana'anta ɗaya, balle a haɗa da sauran. Wannan ya buɗe wa maha'inta ƙofa: sai su nemo sakata daga wata bindiga, su goge lambarta, su buga wadda suke so. Gogaggen mai saye yana duba siffar lambobin, domin kowace masana'anta da yadda take yanka 2 da 4 da 7 nata. Yana kuma shafa wurin da yatsa ya ji ko ya lotsa, alamar an kankare tsohon rubutu.

Sakata ce ta fi yawan saɓawa, kuma akwai dalili. Idan runduna ta miƙa wuya, akan umarci sojoji su zare sakatu su jefa a tuli ɗaya, bindigogi a wani tulin. Duk wanda ya zo ɗaukar ganima daga baya sai ya zari bindiga a nan, ya zari sakata a can. Bindigar da komai nata ya yi daidai sai sakata tana da daraja, amma ba ta kai wadda ba ta rabu da tata ba.

Katako yana ba da labarin yaƙin

Wanda ya jera K98k daga 1936 zuwa 1945 zai ga tashin Jamus da faɗuwarta ba tare da ya buɗe littafi ba. Na farko ƙotarsu ta itacen walnot ce guda ɗaya, ƙarfen an goge shi sumul, kowane zobe an sassaƙo shi daga dunƙulen ƙarfe. Kafin yaƙi ya ɓarke an fara komawa ga katako mai falle-falle da aka manne da gam, wanda ya fi arha kuma ba ya lanƙwashewa da damshi. Daga 1940 farantin ƙarfen gindin ƙota, wanda a da shimfiɗaɗɗe ne, ya koma mai kama da kofi da ke rufe bakin katakon.

Da yaƙi ya juya wa Jamus baya, sai aka shiga rage aiki. Sassan da ake sassaƙawa suka koma na falankin ƙarfe da inji ke matsewa a yi musu walda. Sawun injin yanka ya fara fitowa a jikin ƙarfe domin babu lokacin gogewa. A ƙarshen 1944 aka fito da samfurin da ake kira Kriegsmodell, wato na yaƙi: babu maratayin wuƙar bakin bindiga, babu tsinken wanke bututu, zobba kuma da kusoshin katako aka ɗaure su. Duk da rashin kyan gani, masu tarawa suna son waɗannan na ƙarshe, saboda ba su da yawa kuma shaida ce ta watannin da komai ya ƙare wa Jamus.

Inda suka watsu

A watan Mayun 1945 miliyoyin K98k suka zama ganima, kuma kowace ƙasa da ta karɓa ta bar sawunta.

Tarayyar Sobiyet ce ta kwashi kaso mafi tsoka. A rumbunanta aka kwance bindigogin gaba ɗaya, aka zuba sassa iri ɗaya wuri ɗaya, aka sake rina ƙarfen baƙi, aka harhaɗa ba tare da kula da wace sakata ce ta wace bindiga ba. Aka shafa wa ƙota jan man ƙyalli, aka rubuta sabuwar lamba a kan sakata da alƙalamin lantarki, aka buga alama mai kama da X a uwar jiki. A wasu an daddake suwastikar da guduma. Yawancinsu sun rasa tsinken wanke bututu da murfin saitin gaba. Bayan rushewar Sobiyet aka sayar da su ga dillalai, suka cika kasuwar Amurka, har akwai lokacin da ake samun guda a kan dala ɗari biyu zuwa uku. Irin wannan ce mai sheƙin nan ta kan teburin gwanjo. Yanzu kuɗinsu ya haura sosai, amma har gobe su ne matakin shiga ga mai fara tarawa.

Nowe ta gaji makaman sojojin Jamus da suka miƙa wuya a ƙasarta. Ta sauya musu bututu zuwa harsashin Amurka, ta buga HÆR a na sojan ƙasa. Isra'ila ta sayi K98k daga Cekoslobakiya a 1948, daga baya ta mayar da su masu cin harsashin ƙawancen NATO, ta buga 7.62 da manyan lambobi a ƙarfe, ta ƙona shi a ƙota. Yugoslabiya ta kankare tambarin Jamus ta sa nata, da rubutun Preduzece 44 a gefe. Faransa kuwa, da sojojinta suka kama Obandof a watan Afrilun 1945, ta sa masana'antar ta ci gaba da aiki na ɗan lokaci, bindigogin suka fito da svw MB.

Waɗanda suka fi tsira da asalinsu su ne waɗanda sojojin Amurka suka kai gida a matsayin tsaraba. Da yawa an yanke musu ƙota a ƙarƙashin zobe don su shiga jakar soja, kuma masu tarawa ba sa ɗaukar wannan yanka babban aibi, tunda shi ma shaida ne. Idan akwai takardar izinin da kwamanda ya sa wa hannu, mai ɗauke da lambar bindigar, farashi ya ƙaru. Dokar makamai ta Amurka ta 1968 ta wajabta wa dillalan da ke shigo da bindigogi su buga sunansu a jiki, don haka rashin wannan tambari yakan nuna bindigar ta shigo tun kafin lokacin. Sai dai dubbai daga cikinsu sun lalace a hannun mafarauta, waɗanda suka datse ƙota, suka huda ƙarfe don ɗora madubin hangen nesa. Irin waɗannan sun fita daga sahun kayan tarihi.

Farashi da jabu

Bayan asali da daidaiton lambobi sai lafiyar jiki. Ana haska fitila a cikin bututu, domin harsasan wancan zamani suna barin gishirin da ke jawo damshi, kuma bindigar da ba a wanke ba tsatsa takan cinye cikinta. Ana ƙiyasta kashi nawa na ainihin baƙin ƙarfen ya rage. Ana duba hatiman ƙota ko gefensu yana da kaifi. Babbar ɓarnar da magada suke yi ita ce ɗaukar samfefa su goge ƙotar kakansu don ta yi kyau kafin a kai gwanjo. Aikin rabin awa yakan share hatimai, ya tafi da kaso mai yawa na kuɗin.

Inda kuɗi ya fi yawa nan jabu ya fi yawa. An ƙera K98k wajen 132,000 na gwanayen harbi daga nesa, masu ɗauke da madubi, kuma sahihiya a cikinsu takan wuce dala dubu goma. Saboda haka maha'inta sukan sayi bindiga ta gama-gari, su huda ta, su ɗora tsohon madubi, su tsufar da wurin da sinadari. Haka ake yi da tambarin ƙoƙon kai na rundunar SS ta 'yan Nazi, wanda ake sayar da ƙarfen buga shi a kasuwa. Manyan gidajen gwanjo irin su Rock Island a Amurka da Hermann Historica a Jamus suna wallafa hotunan kowane hatimi daki-daki, masu saye kuma suna kwatanta su da sanannun misalai kafin su taya.

Wannan ma'auni shi ake bi da sauran bindigogin Jamus na lokacin. G43 mai loda kanta an yi wajen 400,000. Gajeruwar G33/40 ta sojojin tsaunuka a Burno kaɗai aka ƙera ta. FG42 ta sojojin laima ba ta wuce wajen 7,000 ba, shi ya sa kuɗinta yake kai dala dubu ɗari da ɗoriya.

Hannuwan da suka ƙera

Akwai abin da lambobin suke faɗa wanda takardar gwanjo ba ta cika ambata ba, kuma bai kamata mai karatun ƙarfe ya tsallake shi ba. Bindigogin farko masu tambarin BSW sun fito ne daga masana'antar iyalin Simson, Yahudawan garin Zul, wadda 'yan Nazi suka ƙwace a 1935, masu ita suka tsere zuwa Amurka. Wanda ya jagoranci ƙwacen shi ne Fritz Sauckel, gwamnan jam'iyya a yankin, kuma a kan wannan dukiya aka gina kamfanin Gustloff. Daga baya Sauckel ya zama mai kula da kwaso miliyoyin mutane daga ƙasashen da aka mamaye don aikin tilas. Kotun Nuramba ta yanke masa hukuncin kisa, aka rataye shi a watan Oktoban 1946.

Gustloff, mai lambar bcd, ya gina masana'anta a jikin sansanin gwale-gwale na Bukenwal, inda fursunoni suka riƙa harhaɗa bindigogi har jiragen ƙawance suka yi mata ruwan bama-bamai ranar 24 ga Agustan 1944. Steyr, mai lambar bnz, ya yi amfani da fursunonin sansanin Guzen a Ostiriya wajen yin sassa. A Obandof ma dubban ma'aikatan tilas ne suka tsaya a bakin injuna. Sawun inji mai kaushi da ake gani a bindigar 1944 sau da yawa aikin mutum ne mai yunwa, wanda aka rabo da gidansa da ƙarfin tsiya. Mai tarawa da ya san bambancin 135 da 623 amma bai san wannan ba, karatunsa bai cika ba, kuma kwatancin gwanjo da ya yi shiru a kai ya rage wa mai saye wani sashe na tarihin abin da yake biya.

Dokoki ma suna bin bayan wannan tarihi. A Jamus sashe na 86a na dokar laifuffuka ya hana nuna alamun 'yan Nazi a bainar jama'a. A Amurka bindigar da ta shekara 50 tana shiga rukunin kayan tarihi, kuma akwai lasisi na musamman ga masu tara irinta. A Najeriya dokar makamai ta 1959 ta hana farar hula mallakar bindigar soja ba tare da izinin shugaban ƙasa ba, saboda haka mai sha'awar wannan ilimi a Kano ko Kaduna gidan tarihi da littafi ne hanyarsa.

Bayan yaƙi Faransawa sun kwashe injunan masana'antar Mauser. A 1949 tsofaffin injiniyoyinta uku, Edmund Heckler da Theodor Koch da Alex Seidel, suka kafa sabon kamfani a garin, wanda daga baya ya ƙera G3, bindigar da jami'an tsaron Najeriya suka daɗe suna ratayawa. Ita kuwa K98k ba ta bar aiki gaba ɗaya ba. Bataliyar faretin girmamawa ta sojojin Jamus tana riƙe da ita idan za a tarbi shugabannin ƙasashe a Balin, kuma sai a 1995 aka kankare ragowar alamun suwastika daga jikin waɗannan bindigogi.